Kowane Bututu Da Mai Shi

Ranar 28 ga watan Yunin 2006, wani dattijo ɗan shekara 82, Sanata Ted Stevens na jihar Alaska, ya buɗe baki a zaman wani kwamiti na Majalisar Dattawan Amurka don ya fayyace wa takwarorinsa abin da ake kira intanet. Ya ce musu intanet ba babbar mota ba ce da za a yi ta labta wa kaya, jerin bututai ce, kuma idan aka cika bututan, dole saƙon kowa ya bi layi. Don ya kafa hujja, sai ya ba da labarin yadda ma'aikatan ofishinsa suka aiko masa da "intanet" ranar Juma'a da safe, ba ta iso ba sai Talata. Imel yake nufi, baki ne ya suɓuce. Kafin mako ya zagayo duniya ta sa shi a gaba. Masu barkwanci na talabijin suka samu abin yi, samari suka ɗora muryarsa a kan kiɗa, har ya mutu a 2010 ba a daina kwaikwayonsa ba.

Ni ma na yi wannan dariya, ko da yake a makare labarin ya iske ni. Yau na zo in janye ta a gaban shaidu. Dattijon ya yi kuskure a wurare da dama, kuma zan zo kansu, amma a kan maganar bututu shi ne mai gaskiya, mu masu dariyar mu ne jahilan. Wanda ya fara nuna mini haka kuwa wani mai sayar da kankana ne.

Ranar Alhamis ce, 14 ga Maris na 2024, azumi na huɗu a baki. Bayan la'asar na tsaya wurin wani tsoho na zaɓi kankana guda da ɗan ƙullin dabino. Ba ni da ko sisi a aljihu, domin na shiga sahun waɗanda suka ɗauki riƙe takardar kuɗi a matsayin ƙauyanci. Na zaro waya na ce, "Baba, bari in tura maka." Na danna, wata 'yar da'ira ta kama juyawa a fuskar wayar. Na sake dannawa, ta ci gaba da juyi kamar ɗan akuyar da ya sha ƙwaya. Tsohon ya dube ni ya ce, "Malam, tun hantsi haka ake ta fama, wai sabis ne babu. Je ka da kayanka kada a sha ruwa kana hanya. In ya dawo ka kawo." Har na juya sai ya ƙara da cewa, "Wai ni kam, in ya tafi ina yake zuwa ne?"

Ni da nake taƙama da boko, sai na ɗaga yatsa na nuna sama, na yi 'yan kame-kame a kan tauraron ɗan'adam. Da dare labarai suka ƙaryata ni. Manyan igiyoyi huɗu ne suka samu matsala a ƙasan teku, daura da gaɓar Kwaddibuwa, ana kyautata zaton ƙasa ce ta zaftare musu, kuma da su harkar bankuna da ofisoshi ta tsaya cik a Nijeriya da Gana da wasu ƙasashe da dama. Tsoho ya tambaye ni hanya, na nuna masa sama, alhali amsar tana kwance a cikin laka, kifaye suna wucewa ta kanta.

Wannan kunya ce ta sa na koma bin tarihin bututu, na kuwa tarar da cewa intanet tana da kaka, kuma kakar da iska take aiki. Duk ɗalibin da ya taɓa zare ƙwaryar biro, ya cusa 'yar dunƙulalliyar takarda a ciki, ya hura ta ta sauka a ƙeyar abokinsa, ya riga ya san ilmin gaba ɗayansa. Abin da Turawa suka ƙara kawai shi ne girma. Sun shimfiɗa bututan ƙarfe a ƙarƙashin birni, suka sa injin tururi a madadin kumatu, yana tura iska ta baya ko yana zuƙe ta ta gaba, sannan suka sa wasiƙu a cikin gwangwani mai murfi suka jefa. Gwangwani ya yi fiit, sai a ji faɗuwarsa a wani gidan waya a can wata unguwa.

A Landan aka fara, a 1853, lokacin da injiniya Latimer Clark ya haɗa babban ofishin tangarahu da kasuwar hannun jari da bututu mai tsawon kamar mita 200. Dalilin ma abin dariya ne. Wayar tangarahu, amaryar wancan zamani, takan kawo saƙo daga wani gari cikin ƙiftawar ido, sai saƙon ya zo ya maƙale a cikin birni saboda cunkoso, farashin hannun jari kuwa kamar ƙanƙara yake, yana jira yana narkewa. Sai da aka koma ga iska da takarda kafin a rufa wa lantarki asiri. Daga nan Balin ta bi sahu a 1865, Paris a 1866, Niyok a 1897. Ta Paris ce ta fi shahara. An buɗe ta ga kowa da kowa a 1879, zuwa 1934 tsawon bututanta ya kai kilomita 467, akasarinsu manne a bangon manyan magudanan ƙazanta na ƙarƙashin birnin. Mutum zai sayi wata 'yar shuɗiyar takarda da ake kira petit bleu, wato ƙaramin shuɗi, ya rubuta abin da ke ransa, ya liƙe, ya jefa. Bututu ya kai ta gidan waya mafi kusa da wanda aka aika wa, yaro masinja ya ƙarasa da ita har ƙofar gida, galibi cikin sa'o'i biyu. Haka aka yi ta yi har ranar 30 ga Maris na 1984.

To, bari mu jera kaka da jika mu ga wa ta ɗauko wa.

Mu fara da kyanwa. Ranar da aka ƙaddamar da bututan Niyok, manyan mutane suka taru, aka aika da littafin Baibul naɗe cikin tuta da kundin tsarin mulki, abubuwa masu nauyi da daraja. Wani ma'aikacin gidan waya da ya halarta ya ba da labari daga baya cewa a cikin abin da aka aika har da kyanwa mai rai, wadda ta fito a ɗaya ɓangaren a rikice amma lafiya lau. Bayan shekara ɗari, ɗan'adam ya ƙera hanyar sadarwa mafi girma a tarihinsa, ya ce za ta zama taskar ilmin duniya, sannan ya cika ta da hotunan kyanwa. Hali zanen dutse. Bambancin kawai, mutanen Niyok sau ɗaya suka yi wautarsu a ranar biki suka koma bakin aiki, mu kuwa kullum ranar biki ce.

Sai batun toshewa. Gwangwani kan maƙale a bututan Paris, kuma ba a iya tone birni gaba ɗaya don neman sa. Sai injiniyoyi suka fito da wata dabara: a kafa ƙaramar bindiga a bakin bututu a harba, a auna lokacin da amsa-kuwwa za ta dawo. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, don haka idan ƙarar ta dawo bayan daƙiƙa biyu, ta yi zuwa da dawowa, toshewar tana nan wajen mita 340 daga inda aka tsaya. Sai ma'aikaci ya ɗauki fitila ya sauka cikin ƙazanta ya nufi wurin. Mai karatu zai ce wannan aikin mutanen da ne. To, yau idan igiyar intanet ta tsinke, injiniya yakan jona wata na'ura a bakin zaren gilashin da ke cikinta, ya harba haske, ya auna lokacin da zai dawo, ya gane a kilomita na nawa aka samu rauni. Daga nan jirgin ruwa ya tashi, ya yi kwanaki ko makonni, ya je ya jefa ƙugiya ya lalubo igiyar daga ƙasan teku kamar mai neman gugan da ya faɗa rijiya. Sun canza harsashi kawai. Ni da zan zaɓa, na fi son hanyar Paris, domin akwai ranakun da mutum ke kallon wannan da'ira mai juyawa yana jin da ma a ba shi bindigar.

Na uku shi ne tsada, kuma a nan ne na fara daina murmushi. Ƙaramin shuɗi ya fi wasiƙa ta yau da kullum kuɗi, takardar ƙarama ce, nauyin da aka yarda a sa kaɗan ne. Wanda ya saye ta yana da abin faɗa: ganawa ta tashi, an haihu, jirgin ƙasa zai iso da ƙarfe shida, ko kuma ina neman gafara. A yi tunanin wani Bafaranshe a 1900 ya je gidan waya ya sayi shuɗaye arba'in, ya zauna ya rubuta a kowacce cewa duk wanda ya tura wannan ga mutum goma zai ji albishir kafin magariba. Da ma'aikacin kanta ya kira masa likita. Kuɗin kan sarki shi ne mai gadin ƙofa, yana tace maganar banza tun kafin ta shiga bututu. Mu an cire mana mai gadin, aka ce mu shiga kyauta, sai ga gidan ya cika da 'yan damfara, da masu maganin da ke warkar da cuta tamanin, da jita-jitar da kan tayar da unguwa kafin gaskiya ta sa takalmi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ba ka akwatin wasiƙa kyauta bai haukace ba, yana ƙidaya wanda kake rubuta wa, da lokacin da kake farkawa, da abin da idonka ya daɗe a kai, yana sayar da wannan sani ga masu talla. Bafaranshen da ya biya kuɗin shuɗinsa shi ne mai kaya. Mu da ba mu biya ba, ya kamata mu tambayi kanmu ko a gefen bututu muke tsaye ko a cikin gwangwani.

Na huɗu, sirri. Ba na cewa hukumomin da waliyyai ne, sun buɗe wasiƙun mutane, Faransa ma ta yi suna a wannan. Amma a dubi wahalar da leƙen asiri ke ci a lokacin. A 1894 kotun soja ta kama Kyaftin Alfred Dreyfus, wani hafsa Bayahude, da laifin sayar wa Jamus asirin ƙasa, aka tuɓe masa anini aka jefa shi Tsibirin Shaiɗan, alhali bai ji ba bai gani ba. A 1896 wata mai shara a ofishin jakadancin Jamus, wadda take yi wa Faransa aiki a ɓoye, ta kwaso tarkacen kwandon shara, a ciki har da wani ƙaramin shuɗi da aka yayyaga ba a aika ba. Aka zauna aka harhaɗa gutsattsarin, Kanar Georges Picquart ya karanta, sai ga sunan Manjo Esterhazy, ainihin maci amanar. Daga wannan 'yar takarda zaren ƙarya ya fara warwarewa, har aka wanke Dreyfus a 1906. Don a karanta saƙo guda, sai da aka nemi mai shara, da kwando, da gam, da haƙurin mutum. A 2013 kuwa takardun da Edward Snowden ya fallasa sun nuna cewa hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya ta kafa kunne a jikin igiyoyin da ke sauka a gaɓar ƙasar, tana kwasar abin da ke wucewa a dunƙule, na mai laifi da na mai gaishe da uwarsa. Da can ɓarawon sirri da cokali yake ɗiba, yanzu an ba shi kogin.

Akwai wani darasi kuma a cikin wannan yagaggen shuɗi. Takarda ce da mai ita ya so ta ɓace, ta ƙi ɓacewa. Mu kuma an yi mana alkawarin cewa abin da aka sa a intanet ya zauna ke nan har abada. A 2019 kamfanin MySpace ya amsa cewa ya rasa waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora a wurinsa na tsawon shekara goma sha biyu, wajen ƙaura daga wata ma'ajiya zuwa wata. Babu kwandon shara da za a tona, babu gutsattsarin da za a liƙa. Abin kunyar da ka rubuta kana saurayi zai jira ka har ranar da za ka nemi muƙami, amma muryar mahaifinka da ka adana tana iya tafiya cikin dare ɗaya.

Na san abin da za a ce da ni: kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Gaskiya ne, kuma ba na kiran a koma huci a ƙarfe. Bututan iska na manyan birane ne, a cikin biranen ma na unguwannin kuɗi. Ba su taɓa ƙetare teku ba, ba su san da zaman ƙauye ba, kuma tarho da mota sun kashe su bisa cancanta, ko da yake har gobe manyan asibitoci na duniya da su suke aika jini daga ɗakin majinyata zuwa ɗakin gwaji, abin da jikar ba za ta taɓa iyawa ba. Intanet kuwa ta sa uwa a ƙauye tana ganin fuskar ɗanta da ke Jidda, ta sa ɗalibin da makarantarsa ba ta da ɗakin karatu ya buɗe littafin da malaminsa bai taɓa riƙewa ba. Ni kaina ta cikinta na san labarin kyanwar Niyok. Wanda ya musa wannan alheri butulu ne.

Ƙarata a kan ƙarya guda ce, wadda aka lulluɓe da kalma mai taushi. Masu wannan harka suna cewa hotunanka da takardunka suna cikin "gajimare". Mu kuma, mutanen da muka san darajar hadari, sai muka ji kalmar ta kwanta mana. Gajimare ba shi da mai shi, ba a biyan hayarsa, ba a kai shi kotu, in ya ba da ruwa a gode wa Allah, in ya hana a yi haƙuri. Wanda ya yarda cewa saƙonsa a gajimare yake, ranar da sabis ya ɗauke zai daga kafaɗa ya ce ƙaddara. Alhali abin da ke akwai shi ne manyan ɗakunan ajiya cike da kwamfutoci masu shan wuta da ruwan sanyaya, da turakun ƙarfe masu aiki da janareta, da igiyoyin da ke bin gefen titi daga Legas zuwa Arewa, waɗanda katafilar masu aikin hanya kan tsinke, da wasu igiyoyin a ƙasan teku da kaurinsu a zurfi bai wuce na tiyon ban-ruwa ba, su ne ke ɗauke da fiye da kashi 95 cikin ɗari na saƙonnin da ke ƙetare nahiyoyi. Nijar da ba ta da teku sai ta ratsa ta ƙasar maƙwabta kafin ta kai gare su. Mutumin Paris ya fi mu sanin duniyarsa. Ya san wasiƙar soyayyarsa ta magudanar ƙazanta take bi, ya san gidan waya ne ke da bututun, ya san ƙofar da zai buga in ta yi latti.

Bututu kuwa yana da famfo, famfo yana da hannun da ke murɗa shi. Bututan Niyok na wani kamfani ne mai zaman kansa, gidan waya haya yake biya, kuma da rigimar tsadar haya ta yi tsanani aka rufe su a 1918, ba a sake buɗewa ba sai 1922, kafin rufewar ƙarshe a 1953. Mu ma mun ga hannun. A watan Yunin 2021 gwamnatin Nijeriya ta toshe Twitter, sai bayan wata bakwai ta buɗe. A watan Satumba na wannan shekarar aka kashe layukan sadarwa a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suka riƙa yin tafiya mai nisa don kawai su ce wa danginsu suna raye. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, ranar ya gane cewa ba a kashe gajimare da takardar umurni. Yanzu kuma manyan kamfanonin da muke zuba sirrinmu a rumbunsu sun shiga shimfiɗa igiyoyin da kansu: ta Google, mai suna Equiano, ta sauka Legas a 2022, Meta kuma tana cikin jagororin wata da ta kewaye Afirka. Mai rumfa ya sayi hanyar zuwa kasuwa. Yana iya zama alheri, domin ƙarin igiya ƙarin sauƙi ne, amma alherin da ba a sa wa ido ba yakan rikiɗe.

A nan ne na rabu da dattijon Alaska. Ya yi maganar bututu ne don ya kare masu bututun, yana adawa da dokar da za ta tilasta musu su bi da saƙon kowa daidai wa daida. Ya ga bututu sarai, sai ya tsaya a bayan mai shi. Ni daga wannan gani nasa akasin haka na fahimta. Tunda bututu ne, kuma tunda albashi da jarrabawa da kuɗin magani duk ta ciki suke bi, to ya zama kamar rijiyar gari, ba a barin mutum ɗaya ya sa mata kwaɗo, ba a kuma yarda gwangwanin attajiri ya tsallake na talaka. Dole a san wa ke da shi, wa ke leƙa cikinsa, da izinin wace kotu ake rufe shi, kuma wace hanya aka tanada in ya tsinke. Ina so a koya wa yaran makaranta taswirar waɗannan igiyoyi kamar yadda aka koya mana inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Ina so wakilanmu a majalisa su yi tambayar da Stevens ya yi, ko da za a yi musu dariya, domin ɗan majalisar da ya ce bututu ya fi kusa da gaskiya a kan wanda ya yi shiru don kada a gane bai sani ba.

Washegari na koma wurin mai kankana da kuɗinsa a hannu, takardu na gaske, waɗanda ba sa juyawa. Na ce, "Baba, jiya ka tambaye ni inda sabis yake zuwa, na nuna maka sama. Ka yafe ni, a ƙasan teku yake, cikin wata igiya, ita ce ta tsinke." Ya ƙirga kuɗinsa a tsanake, ya ninke, ya sa a aljihun gaba. Sannan ya ɗago ya ce, "To, Malam, igiyar ta wace ce?"